Mai digiri a saman kwano

Wannan sunan ba ni na raɗa wa kaina ba, wata gwaggon matata ce ta laƙaba min shi ranar da ta zo wucewa a Keke ta hango ni a saman rufin wani gida a Kurmin Mashi da fanel ɗin sola a ka, kafin la'asar labari ya zaga dangi wai mijin wance da ake ta kuri injiniyan kwamfuta ne yana cin dala ashe lebura ne. Lokacin abin ya min ciwo wallahi, har sai da na ƙi zuwa wani suna a gidansu. Yanzu kam ni da bakina nake faɗa in muna raha. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuma autanmu ne, zai cika fom ɗin JAMB ya zo ya tsare ni wai Yaya wane kwas zan zaɓa wanda ba zan yi zaman banza ba, na buɗe baki zan ba shi amsa sai na ji ba ni da amsa guda ɗaya, sai dai labari.

Ni ɗan Kakuri ne a Kaduna. Duk wanda ya tashi a can ya san lokacin da masaƙu ke aiki, in an tashi shifti titi ya cika da kekuna da masu tuwo da masu shayi, unguwa ba ta barci. Tun 1957 zamanin Sardauna aka buɗe masaƙa ta farko a wajen, wasu suka biyo baya har aka riƙa kwatanta garin da Manchesta, birnin masaƙu na Ingila. Baba makanikin injin saƙa ne a ɗaya daga cikinsu, shekara ashirin da biyu yana wajen. Sai wuta ta riƙa tsaya wa kamfanoni, baƙin man da suke ƙonawa ya yi tsada, ga atamfar China da ake shigo da ita ta ɓarauniyar hanya tana faɗuwa ƙasa da kuɗin da aka kashe wajen saƙa tamu, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa rufewa, tasu Baba ta ɗan ja numfashi amma a 2007 ita ma aka sa mata kwaɗo. Ina aji uku a sakandare lokacin. Baba ya dawo gida da akwatinsa na ƙarfe mai launin toka, ya kafa benci a ƙofar gida yana gyaran fanka da dutsen guga da naɗin kwayil na injin markaɗe, da haka aka ciyar da mu mu bakwai.

Ranar da ya kama ni ina taya shi kwance wata fanka bai dake ni ba, karɓe sukundireba kawai ya yi ya nuna min tafin hannunsa yace "Ka ga hannun nan? Shekara ashirin da biyu yana cikin baƙin mai, ranar da aka rufe get ko sallama ba a yi masa ba. Masu biro kuwa kowa ya samu inda ya koma. In dai ina raye ba za ka riƙe sifana ba." Maganar nan ta zauna min a ƙirji fiye da duk wani wa'azi, na tashi ina ganin aikin hannu kamar wata cuta ce da ake gado wadda ni aka ce in tsere mata.

Likita na so zama kamar kowa, na yi JAMB sau biyu maki bai kai ba, a na uku aka ba ni ilimin kwamfuta a 2013, shekarar ma malaman jami'o'i suka yi yajin aiki kusan wata shida muka sha zaman gida kafin a fara. Gaskiya zan faɗa, kodin ɗinmu, wato rubuta wa kwamfuta furogiram, a allo da takarda muka yi shi, Fortran da Pascal, ka rubuta furogiram da biro malami ya maka maki da jan biro, kwamfuta ba ta taɓa ganinsa ba balle ta ce maka akwai kuskure. Ɗakin kwamfutocin yawanci a kulle, in an buɗe babu wuta. Amma ba zan ci amanar karatun gaba ɗaya ba, lissafin da aka dura mana da fiziks ɗin shekarar farko, dokar Ohm da su ƙarfin wuta da muke haddacewa don mu tsallake jarabawa kawai, su ne suka zo suka ceci tukunyata bayan shekara goma, wa zai ce.

Bautar ƙasa ce ta buɗe min ido. 2018 aka tura ni jihar Oyo ina koyarwa a wata sakandare, alawi 19,800 lokacin. A masaukinmu akwai wani Bayerabe ɗan Ibadan, shi aikin gona ma ya karanta, amma kullum dare yana kan wata tsohuwar laftof da aka ɗaure murfinta da salatif, ashe wani kamfani yake yi wa aiki ana biyansa da dala. Da ya ji kwamfuta na karanta ya yi murna yace nuna min GitHub ɗinka, nace mene ne kuma haka, ashe shafin intanet ne da masu kodin ke ajiye ayyukansu. Wallahi kallon da ya min har yau in na tuna sai na ji kunya, ba kallon raini ba ne na tausayi ne, wanda ya fi ciwo. Shi ya ba ni labarin Yaba, unguwar kamfanonin fasaha a Legas, da zuwan Mark Zuckerberg mai Facebook can a 2016, da Andela da ke ɗaukar yara ta horar da su ta haɗa su da kamfanonin Amurka. Na sa wa raina Andela, ina ta shiri, kwatsam a watan Satumba 2019 suka sallami ƙananan masu kodin wajen mutum 400 suka ce kasuwa ƙwararru take nema ba 'yan koyo ba. Ai da ina da wayo a nan zan gane inda iska ta dosa, amma lokacin nace su suka sani.

Na dawo Kaduna na raba takardun neman aiki har na gaji da biyan kuɗin fotokwafi. Wani ya ce zai samo min aikin gwamnati a wata hukuma in kawo miliyan ɗaya da rabi, Baba ko ya sayar da bencinsa da mu gaba ɗaya ba za a haɗa ba. Na cika N-Power sunana bai fito ba. Sai na kama koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a kan dubu ashirin, ita ma korona ta zo 2020 aka kulle gari aka rufe makarantu albashin ya tsaya. Toh zaman kullen nan, wanda a Kaduna ya yi tsawo sosai, shi ya zame min makaranta ta gaskiya, in sayi datar dare mai arha in zauna daga sha biyu zuwa asuba ina bin freeCodeCamp da bidiyoyin Indiyawa a YouTube, HTML, CSS, JavaScript, WordPress, in an ɗauke wuta in kai laftof caji shagon mai aski. A watan Oktoba na shekarar aka ce kamfanin Stripe ya sayi Paystack ta yaran Legas mai harkar biyan kuɗi ta intanet a kan sama da dala miliyan 200, ranar ban yi barci ba, ji nake kamar nawa rabon yana nan tafe.

Kuma ya zo ɗin, daidai gwargwado. Aikina na farko a Upwork, shafin da ake samun ayyuka ta intanet, dala arba'in ne, gyaran shafin wata mata mai sayar da sabulu a Kanada, da kuɗin suka shigo sai da na yi sujada. 2021 da 2022 su ne shekarun daɗi, ina haɗa ƙananan shafukan intanet, ina fassara daga Turanci zuwa Hausa, ina sauraron murya in rubuta abin da aka faɗa, sannan ga wani aiki na tantance hotuna da jimloli, a nuna maka amsa biyu ka zaɓi wadda ta fi, a biya ka a kan awa. Mu a guruf ɗinmu na WhatsApp har raha muke wai muna koya wa inji magana, ba mu san yaron da zai gaje mu muke raino ba. Akwai watan da na haɗa abin da malamin jami'a ba ya ɗauka. Na yi aure ƙarshen 2022, na canza wa Umma firji, Baba kuwa duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji labarin ɗansa da ke aiki da Turawa daga cikin ɗaki ko gumi ba ya yi.

Abin ya fara juyawa ne a hankali yadda ba za ka ce ga ranar ba. Nuwamba 2022 Meta mai Facebook ta sallami ma'aikata 11,000, a Janairu 2023 Amazon 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, mu muna karantawa kamar labarin wata duniya, alhali mutanen nan da irinsu kasuwar da muke ciki suka faɗo, aikin da da mutum goma ke nema ya koma ka tarar da hamsin sun riga ka, wasu da gogewar shekara takwas suna karya farashi. A ƙarshen Nuwamba 2022 ɗin kuma ChatGPT, injin da ake yi wa tambaya ya rubuto amsa, ya fito. Kwastomana na fassara da ke ba ni aiki duk wata ya koma turo min abin da inji ya fassara wai in duba in gyara kawai, a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da, alhali wani lokacin gyaran ɓarnar ya fi sabuwar fassara wahala, don Hausar injin a lokacin sai ka yi ta dariya. Matar Kanada mai sabulu ta rubuto min da fara'arta wai ta gode yanzu ta iya gyarawa da kanta. Sai a lokacin na zauna na kalli aikina da idon basira, duk abin da nake yi irin wanda ake ba ka umarni a rubuce ka mayar da amsa a rubuce ne, babu wanda ya damu ko kana Kakuri ko kana Bangaladash ko ma kai ba mutum ba ne. Abin da ya ba ni damar shiga kasuwar daga ɗakina shi ne dai ya sa aka iya cire ni ba tare da an ga fuskata ba.

Tashin dala ya ɓoye min raunin na ɗan lokaci, don bayan an saki naira a Yuni 2023 ko aiki ya ragu in ka canza sai ka ga kamar kana nan, farkon 2024 ai ta haura 1,500. Amma ta ɗaya gefen an cire tallafin mai tun 29 ga Mayu, litar da muke saye ƙasa da 200 ta koma sama da 500 cikin kwanaki, ni kuma rabin aikina a kan ƙaramin janareta nake yi. Sai a Maris 2024 na tashi da asuba na buɗe shafin kamfanin da muke yi wa aikin tantance bayanai, ya ƙi buɗewa, sai saƙo layi biyu wai sun daina aiki a ƙasarku. Guruf ya rikice, wani na kuka wai da shi yake biyan haya. Ni ban ce komai ba, na rufe laftof na fita tsakar gida na zauna, babu abin da ke yawo a kaina sai hannun Baba da get ɗin da aka rufe ko sallama babu. Shi ma ya fi ni, ya ga get ɗin da idonsa, akwai inda za su taru su yi zanga-zanga, ni ko wanda zan yi wa ihu ban sani ba.

Da 'yan kuɗin da suka rage nace bari in rabu da janareta, na sayo fanel biyu da batir ɗaya mai 200Ah da inbata ƙarama, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, na kalli bidiyo uku nace ai wannan ba komai ba ne ga mai digiri. Na haɗa da wayar da na ga dama, ya yi aiki, na ji daɗi, daren na uku matata ta jona firji sai ƙauri ya tashi, wayar da ta taso daga batir ta narke kamar alawa, Allah ne ya tsare ba mu yi gobara ba da jaririya a ɗaki. Da safe Baba ya zo ya tsuguna ya kalla bai yi faɗa ba, yace "Wat nawa kake ja?" nace wajen dubu ɗaya, yace "A bolt nawa?" nace sha biyu, yace "To raba min." Na raba a kai, am tamanin da uku, wato yawan wutar da ke bi ta cikin wayar. Ya ɗaga wayar da ta ƙone yace "Wannan ta ƙwan fitila ce. Kogin Kaduna ka tura ta bakin buta." Mutumin da iyakarsa firamare da makarantar koyon sana'a, abin da na haddace na ci jarabawa na manta shi a hannunsa yake zaune. Ya aika aka ɗauko akwatin nan mai launin toka, ya sa na sayo waya mai kauri da fis, ya nuna min yadda ake matse kan waya ta kama gam, don inda bai matsu ba nan zafi ke taruwa. Da muka gama ya tsaya yana goge hannu, ni da shi duk mun san alkawarin da aka karya amma ba wanda ya tayar da zancen.

Maƙwabta suka fara leƙowa don sun ga fitilarmu ba ta mutuwa, sai ga Afrilu 2024 an mayar da wutar rukunin A, na waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, masu shaguna suka fara lissafi. Na yi wa mutum biyu na ga abin zai iya zama sana'a, amma narkewar wayar nan ta koya min tsoro, sai na je na durƙusa wa wani oga da ya shekara goma sha yana harkar, ko sakandare bai gama ba, nace ina so in bi shi. Ya kalle ni sama da ƙasa yace "Malam, mu nan ba ofis ba ne, za ka iya ɗaukar batir?" Batirin tubula mai 220Ah ya haura kilo hamsin, ranar farko na san na yi aiki, kwana biyu ina shafa man zafi a baya. Wata biyar ina bin sa, yaransa 'yan shekara sha bakwai suna aike na miƙo sifana goma, miƙo tsani, suna ce min Furofesa. A cikin watannin nan ne gwaggo ta gan ni. Matata da labari ya iso mata cewa ta yi "Maigida, wanda ya ji haushi ya kawo mana shinkafa," daga nan ba ta ƙara ba.

Oga ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, ya san rufin da zai ɗauki mutum da wanda zai zurma da shi, ya san batirin da aka yi wa wanka aka sake masa fenti tun daga ƙanshi, amma lissafinsa na ƙiyasi ne, ya kalli gida ya ce a sa batir huɗu, wani lokaci ya dace wani lokaci kwastoma ya dawo da masifa. Ni kuma sai na buɗe Excel na shirya masa tebur, a rubuta kowane abu da ke gidan, wat nawa yake ci, awa nawa ake kunna shi, a haɗa a ga abin da ake buƙata a yini, a tuna batirin ruwa rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, 12 sau 200 wat-awa 2,400 ke nan amma naka 1,200 ne, litiyom kuwa kana iya shan kashi tamanin ko fiye, sannan a yi lissafin fanel da rana mai ƙarfi ta wajen awa biyar ba sha biyu ba kamar yadda mutane ke zato, a rage na damina da ƙurar hunturu. Da sababbin inbatoci masu haɗa sola da wutar gari da batir suka cika kasuwa, masu menu shafi-shafi da Turancin China, da batirin litiyom da sai an sa shi ya yi magana da inbata ta wayar sadarwa an saita masa lamba, da ɗan abin wayfai da ke nuna wa mai gida komai a wayarsa, toh nan Furofesa ya daina zama zagi. Ranar da na tayar da wata inbata da suka kwana biyu a kanta ta hanyar sabunta mata manhaja, Oga ya saya min tsire yace daga yau kai ne na saiti.

Ƙarshen Oktoba 2024 da aka lalata layin wutar da ke kawo wa Arewa, jihohi da yawa suka fi mako a duhu, mai kuma ya haura dubu, wallahi waya ba ta huta ba, masu kemis da ke tsoron alluransu su lalace, masu ƙanƙara, masu cajin waya, masu POS, asibitoci ƙanana. Cikin sati biyun nan na samu abin da na buɗe ɗan shago da shi, da albarkar Oga. Yanzu ina da yaran shago uku, muna sola, muna kyamarar tsaro, muna ja wa ofisoshi wayar intanet da kafa Starlink, bana ma mun fara famfon rani mai sola wajen Zariya don manoma sun gaji da zuba fetur a injin ban ruwa. Kuma ChatGPT ɗin da ya cinye min fassara da shi nake rubuta takardar farashi yanzu, har ɗan manhajar lissafin nan da na mayar ta waya shi ya taya ni, abin dariya abin haushi.

Kar wani ya ɗauka na faɗa aljanna ne. Kwano da ƙarfe ɗaya na rana a watan Maris ba wajen ɗan adam ba ne, tafin takalmina ya taɓa narkewa. Wani yaron wani shago ya faɗo daga bene ya karye a ƙugu kuma babu inshora babu komai, karo-karo aka yi masa. Ga kwastoman da za ka yi masa lissafin fitila da fanka da talabijin ya rantse maka iyakarsu ke nan, bayan wata ɗaya Hajiya ta jona dutsen guga da hita a ce aikinka ne bai yi kyau ba. Ga bashi, Alhaji ya kashe miliyan biyar a kaya ya riƙe maka dubu tamanin na aiki wata huɗu. Ga fanel na jabu da aka rubuta 500 yana ba da 300. Sannan yanzu kowa injiniyan sola ne, yaro ya yi sati biyu ya buga kati, suna karya farashi suna sa irin wayar da na sa a ɗakina. Ina ganin nan da 'yan shekaru ɗora fanel kawai zai zama kamar gyaran waya, kowane lungu akwai, wanda zai ci abinci sai wanda ya iya manyan ayyuka da gano matsala, shi ya sa nake shirin zana jarabawar samun lasisin aikin wuta in daina zama ɗan ka-ji-ka-gani.

Kuma ba cewa nake kodin ya mutu ba, ƙarya ne in na faɗa. Abokina na Ibadan yana Jamus yanzu, shi ya nutsa ne sosai, ya wuce haɗa shafi ya kai inda ake tsara yadda manyan manhajoji ke ɗaukar miliyoyin mutane, kwanaki yake ce min aikinsa bai ragu ba sai dai kamfaninsu ya kusa daina ɗaukar 'yan koyo, tsanin ne aka cire wa matakin ƙasa. Ni a matakin ƙasan na yi shekara uku ina jin daɗin dala ban hau ba, wannan laifina ne ba na inji ba. Ƙanwata kuma lissafi ta karanta ta koyi Excel da Power BI da KoboToolbox ta samu aikin tattara bayanai da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, mu duka muna ganin ita ce ta dace, sai ga Janairu 2025 Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, cikin wata biyu tana gida, yanzu wani kamfanin shinkafa take riƙe wa lissafin kaya a kan rabin albashin da. Ɗan kawunmu ya shiga 3MTT, shirin koyar da fasahar kwamfuta da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, ya koyi abubuwa ba laifi, amma ya fito yana jiran a kira shi aiki, nace masa 'yan watanni ƙofa suke nuna maka ba ɗaki ba, je ka nemi mai shagon da littafin bashinsa ya rikice ka gyara masa kyauta ka ga abin da zai biyo baya. Bai je ba har yanzu.

Duk wannan na kwashe na faɗa wa auta a shago ranar Asabar, Baba na zaune a gefe, don yanzu duk Asabar sai ya zo wai duba mu yake, alhali zuwa yake ya bi kan wayoyin da yarana suka matse yana ja ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zare a hannunsa mai shi ya shiga uku. Auta ya gama ji yace toh Yaya ni dai ban gane ba, kwamfutar zan cika ko lantarki. Nace cika lantarki, kodin ka koya da daddare kamar yadda na yi, in an yi hutu ka zo nan ka ɗauki batir. Sai Baba ya ɗago yace "A'a, likita zai cika." Muka yi ta dariya shi ko murmushi bai yi ba, da gaske yake. Auta ya tafi da fom ɗinsa ba a cika ba, Baba ya miƙo min wata waya da ta zare yace "Injiniya, wannan wa ya matse?" Ni ne na matse ta, amma na ce bari in bincika.